Ranar da muka sauka a gidan kakan Absalom

A takardar tsarin ziyararmu ta Ƙasa Mai Tsarki da aka raba mana layi ɗaya tak aka rubuta: Betsaida, minti arba'in. Kuma gaskiya ko arba'in ɗin ma mutane ba su so ba, don tun ƙarfe bakwai muke waje, mun hau jirgin ruwa a Tekun Galili mun sha waƙa har muryoyi sun dishe, mun je Kafarnahum, mun je inda ake tunawa da gurasa biyar da kifi biyu, ga rana ta ɗaga, ga yunwa, ga shi kuma an riga an yi mana albishir wai akwai soyayyen kifi yana jiranmu a bakin teku. Da bas ta tsaya kusan rabin jama'a cewa suka yi su kam a bar su cikin sanyin mota, dutse dai dutse ne, sun ga isasshe.

Ni ma saura ƙiris in zauna. Jakata ba ta iso tare da mu ba, sai bayan kwana uku aka kawo ta otal, don haka daga ni sai ankon atamfar da muka taso da shi daga gida da wani silifas na banɗaki da abokin ɗakina ya ara mini, shi ma ya yi mini kaɗan, dunduniyata a ƙasa take. Amma Mama, shugabar zumuntar mata ta gundumarmu, tsohuwa ce mai sanda amma ba ta yarda a bar ta a baya ko sau ɗaya ba, ta dafa kafaɗata ta ce, "Malam, tashi ka riƙe ni, kuɗinmu muka biya." To wa zai ce a'a. A watan Nuwamba ne na 2019.

Wurin yana arewa da tekun, gabas kaɗan da inda Kogin Urdun yake gangarowa ya shiga cikinsa. Kogin Urdun ɗin nan da muke rera wa waƙa tun muna yara, a wajen nan kam kada ka sa rai da yawa, Kogin Kaduna ko da rani ya fi shi faɗi. Ana ƙetare shi an shiga gefen tuddan Golan ke nan. Tudun da muka hau Larabawa na ce masa Et-Tel, wato tudu kawai, ba wani ado a sunan. Duwatsun wurin duk baƙaƙe ne ƙirin, irin na aman wuta, masu ƙananan ramuka kaman soso, suna riƙe zafin rana sosai, ni da silifas na fi kowa sanin haka. Ga ƙaya busasshiya ko'ina, ga bishiyoyin turare a ƙasa wajen kogi.

Jagoranmu wani dattijo ne mai malfa, yana magana da Turanci Rabaran ɗinmu yana juya mana da Hausa, wani lokacin ma ya ƙara gishirinsa. Ya fara kai mu kangayen gidajen zamanin Romawa, akwai ɗaya da ake kira gidan masunci saboda an tono ƙugiyoyi da darmar da ake ɗaura wa taru a ciki. Nan ya ce garin su Bitrus da Andarawas da Filibus ke nan, in dai an yarda da maganar wanda ya shugabanci tonon wurin, Farfesa Rami Arav, da ya fara aiki a nan tun 1987. Sai wani Baba a cikinmu, tsohon hedimasta ne, irin mutanen nan da ba a wuce su da magana, ya ɗaga hannu ya ce to ina ruwan? Don daga inda muke tsaye tekun yana can nesa, ya fi kilomita ɗaya da rabi, wane masunci ne zai riƙa ɗaukar taru a ka yana wannan tafiya kullum. Jagora ya yi dariya ya ce Baba ka taɓo inda ake rigima. Masu goyon bayan tudun nan suna cewa a da ruwan ya matso kusa, laka da girgizar ƙasa ne suka tura bakin tekun gaba. Wasu masanan kuma suna tono a wani wuri a bakin ruwa sosai mai suna El-Araj, su kuma sun dage can ne Betsaida ta gaskiya. Bayan mun dawo gida ma, a 2022, na ga labarin sun samu rubutun Helenanci a daɓen wata tsohuwar majami'a a can wanda ya ƙara musu ƙarfin gwiwa.

Na ɗauka shi ke nan an gama, har na juya Mama wajen mota. Sai jagora ya ce mu biyo shi ta gabas, wai abin da ya fi so a wurin nan ya girmi su Bitrus da shekara ɗari takwas ko fiye.

Ƙofar gari ce. Ba irin kangon da za a ce maka yi tunanin akwai bango a nan ba, a'a, ƙofa ce da kake gani da idonka, ka taka daɓen duwatsu masu faɗi da ƙafafun mutane suka goge har suka yi sulɓi, ka haye dokin ƙofa, ga ɗakuna biyu a dama biyu a hagu, bangon ya fi tsayina a wasu wuraren. Ganuwar garin kaurinta ya kai mita 6. Ni da na taso ina wuce Ƙofar Doka a Zariya, nan take jikina ya ba ni cewa wannan ba ƙauye ba ne, gari ne mai sarki. Jagora ya tsaya a tsakar filin da ke gaban ƙofar ya ce, masu tonon nan suna ganin nan ce hedikwatar masarautar Geshur.

Shiru. Mu kusan ashirin a wurin, da dattawan ikkilisiya da malaman makarantar Lahadi, har da ni da nake koyar da Littafi Mai Tsarki a sakandare shekara goma sha, ba wanda ya ce uffan. Baba hedimasta ne ya ceci mutuncinmu, ya ɗan rufe ido ya ce, "Geshur... ba can Absalom ya gudu ba?"

Can ne. Geshur wata 'yar ƙaramar masarauta ce ta Aramiyawa, mutanen da Littafinmu na Hausa ya fi kira Suriyawa, tana gabas da Tekun Galili, daga wajen Kogin Yarmuk a kudu ta haura cikin tuddan Golan. In faɗin ƙasa ake magana akwai ƙananan hukumomi a jihar Kaduna da suka fi ta. Tana da maƙwabciya ita ma ƙarama mai suna Ma'aka a arewa, can sama kuma ga Dimashƙu, babbar yaya. Littafin Yoshuwa sura 13 ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa Isra'ilawa ba su kori Geshurawa da Ma'akatawa ba, sun ci gaba da zama a tsakiyarsu. Wato a takarda ƙasar tana cikin rabon rabin kabilar Manassa, amma a ƙasa masu ita suna nan daram da sarkinsu da gumakansu. Kada a haɗa su da wasu Geshurawan na kudu wajen hanyar Masar da Dawuda ya riƙa kai wa hari lokacin da yake gudun Saul, waɗancan daban ne.

Yadda suka shigo labarin gidan Dawuda kuwa ta hanyar aure ne. Lokacin da Dawuda yake sarauta a Hebron, shekara bakwai da wata shida, an haifa masa 'ya'ya maza shida, kowanne da uwarsa. In ka karanta jerin a 2 Sama'ila sura 3 za ka ga abu ɗaya, duk cikin matan nan shida mutum ɗaya ce aka ce 'yar sarki ce: Ma'aka 'yar Talmai sarkin Geshur, uwar ɗa na uku, Absalom. Ni na sha karanta ayar nan ina wucewa kaman jerin sunayen masu zaɓe. Sai da na tsaya a wurin na tuna tsawon hanyar da ke tsakanin nan da Hebron, tafiyar kwanaki ce a kan jaki, sannan na tambayi kaina me ya kai mutumin kudu neman aure har ƙarshen arewa. Amsar ba ta da wuya. A lokacin gidan Saul bai faɗi ba tukuna, Ishboshet ɗan Saul yana Mahanayim a ƙetaren Urdun, Abner yana riƙe masa da sojoji. Dawuda a kudu, surukinsa a arewa, abokin hamayya a tsakiya. Talmai shi ma ba don Allah ya ba da 'yarsa ba, ƙaramin sarki da manya suka kewaye shi dole ya duba wanda tauraronsa ke tashi ya ƙulla da shi tun da wuri. Sarakunanmu na da ai sun san wannan lissafin sarai.

Kuma da alama auren ya yi aikinsa. Da Ammonawa suka aske wa manzannin Dawuda rabin gemu suka san yaƙi na zuwa, sai suka yi hayar Aramiyawa, daga Bet-rehob da Zoba mutum 20,000, daga Tob 12,000, sarkin Ma'aka ya kawo 1,000. Duba jerin da kyau a sura 10, babu Geshur a ciki. Maƙwabciyarta ta kusa ta je, ita ta zauna a gida. Suruki ba ya ɗaukar kwangilar yaƙar mijin 'yarsa.

Muna zaune a kan wani dogon dakalin dutse da ke jikin bango, Rabaran ya buɗe wayarsa ya karanta mana 2 Sama'ila sura 13. Kowa ya san labarin, amma jin sa da Hausa a wannan wurin daban ne, don da Hausa labarin ba ya buƙatar sharhi. Amnon ɗan fari ne, ɗan wani ɗakin. Absalom da Tamar ciki ɗaya. Amnon ya yi wa Tamar fyaɗe sannan ya sa bara ya fitar da ita ya kulle ƙofa. Uban ya ji, ya yi fushi ƙwarai, amma bai yi komai ba. Absalom ya ce wa ƙanwarsa ta yi shiru, shi ma ya haɗiye, shekara biyu cur ko kanzil bai ce wa Amnon ba, sai ranar sausayar tumaki a Ba'al-hazor ya gayyaci 'ya'yan sarki duka, ya bari giya ta kama Amnon, ya ba barorinsa umarni. Daga nan ya gudu wurin Talmai ɗan Ammihud. Shekara uku.

Mama ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "To ina zai je dama? Ai gidan kakansa ne. Wa ya isa ya shiga gidan tsoho ya ce ba ni jikanka in yanka."

Maganar nan ta kai ni gida ba shiri. Babanmu mata biyu gare shi tun kafin ya karɓi bishara, kuma 'yan ubanci ba abin da ban gani ba a cikinsa. Ina ɗan shekara tara yayana, wanda muke ɗaki ɗaya, ya rotsa wa ɗan ubanmu kai da ƙotar fartanya a gona saboda wata magana da ya faɗa kan innarmu. Allah ya kiyaye bai mutu ba, amma jini ya zuba sosai. A daren nan inna ta ƙulle masa 'yan kuɗi a bakin zane, kafin asuba ya kama hanyar ƙauyen su kawu. An ce da ya isa kaka ko tambayarsa bai yi ba, ya sa aka kawo masa ruwa, da gari ya waye ya miƙa masa fartanya ya ce ga gona can. Damina biyu ya yi. A can ba mai laifi ba ne shi, ɗan 'yarmu ne, kaka na tsokanarsa wai ya zo ƙwace masa mata, kawunnai na ba shi cinyar kaza, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce abin da ka yi ba kyau. Da baffa ya shiga tsakani aka dawo da shi, babanmu ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwarsa, kuma yayan nawa da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba, kansa ya yi girma, yana ganin akwai inda ake son sa in nan ba a so.

Shi ya sa sura 14 ba ta ba ni mamaki yanzu. Yowab, shugaban sojojin Dawuda, ya shirya wata mace mai wayo daga Tekowa ta je ta yi wa sarki wasan kwaikwayo har ya yarda, Yowab da kansa ya zo Geshur ɗin nan ya ɗauki Absalom. Amma sarki ya ce kada ya ga fuskarsa, aka ƙara shekara biyu a haka, yana Urushalima kaman ba ya nan. Ya aika wa Yowab sau biyu bai zo ba, sai ya sa aka cinna wa gonar sha'ir ɗinsa wuta, kuma da Yowab ya zo a fusace abin da Absalom ya ce masa shi ne, me ya sa aka dawo da ni daga Geshur, ai gara a ce ina can har yanzu.

Ga wani abu kuma da sai a bakin ƙofar nan ya faɗo mini. Da Absalom ya fara neman kujerar ubansa, ina ya je? Bakin ƙofar gari. Ya samo karusa da dawakai da mutum hamsin masu gudu a gabansa, ya riƙa sammako yana tsayawa a hanyar ƙofa, duk wanda ya taho da ƙara wurin sarki sai ya tare shi, daga wane gari kake, kai maganarka fa gaskiya ce amma ba wanda zai saurare ka a ciki, da ma ni ne alƙali. In mutum ya zo zai rusuna sai ya kama shi ya rungume ya sumbace shi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan takara wata uku kafin zaɓe ya san mutumin nan. Ni dai a raina na ce yaron da ya yi shekara uku a fadar kakansa, gidan da sarauta ta daɗe, yana kallon yadda ake zaman ƙofa da yadda ake fita da rakiya, ba zai koma gidan ubansa da ya fara daga kiwon tumaki ya zauna shiru ba. Wannan tunanina ne, ba a rubuce yake ba. Abin da yake a rubuce shi ne ko ranar da zai tafi Hebron ya yi shelar tawaye da sunan Geshur ya nemi izini, wai zai je cika wa'adin da ya yi wa Ubangiji tun yana zaune a Geshur ta Aram.

Wata 'yar'uwa har ta fara shafa dakalin tana cewa ashe nan Absalom ya zauna, jagora ya ce a'a Madam a yi hankali. Ƙofar da muke gani an gina ta ne wajen ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, bayan zamanin Absalom. Akwai wata tsohuwa a ƙarƙashinta da aka fara tonowa a 'yan shekarun nan, ita ce masu aikin suke dangantawa da zamanin su Dawuda. Ya kuma ce ba a samu wani rubutu a tudun da ya ce nan ne Geshur ba, kuma akwai masanan da ba su yarda da fassarar Farfesa Arav ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar tasa, don a tafiyar nan an nuna mana wurare da yawa ana rantsuwa nan ne daidai, ba ko ƙila. Kusan duk abin da ake faɗa kan mutanen nan daga bakin surukansu ya fito. Ka yi tunanin a ce tarihin gidanku kaf dangin mijin ƙanwarka ne suka rubuta shi.

Abin da su da kansu suka bari dutse ne. Daga dama kafin ka shiga ƙofar akwai ɗan dandamali mai matakala, a samansa kwarin dutse kaman ƙaramin turmi mai faɗi, a bayansa kuma wani allon baƙin dutse a tsaye, ya ɗan haura mita ɗaya. Na matsa kusa har ina jin zafin dutsen a fuskata. An sassaƙa kan bijimi mai ƙaho biyu da suka lanƙwasa kaman jinjirin wata, jikin kuwa ba jiki ba ne, sanda ce miƙaƙƙiya da hannuwa da ƙafafu a lanƙwashe kaman na ƙwaro, ga takobi a ɗamara. Wanda ke wurin kwafi ne, na ainihin yana gidan tarihi a Urushalima, a 1997 aka same shi a farfashe an sare masa kai. Mai shiga gari sai ya hau matakalar ya zuba hadayarsa ta sha ko ya ƙona turare kafin ya wuce. Da yawa daga masana suna cewa gunkin wata ne, irin wanda ake yi wa sujada a Haran, wasu kuma su ce Hadad ne na hadari da ruwan sama. Mama ta ja da baya ta ce Allah ya tsare, ta ƙi yarda a ɗauke ta hoto kusa da shi. A 2020 kuma aka ba da labarin an samu wani dutsen mai zanen masu ƙaho irin wannan a wata tsohuwar kagara a Hisfin, can cikin Golan.

Jin sunan Haran ne ya tayar da Baba hedimasta. Ya miƙe tsaye kaman yana gaban aji ya ce, ku tsaya, ai Absalom ba shi ne farau ba. Yakubu da ya karɓe albarkar Isuwa har Isuwa ya yi niyyar kashe shi, wa ya shirya masa gudu? Uwarsa Rifkatu. Ina ta tura shi? Haran, wurin wanta Laban Ba'aramiye, kawunsa. Shekara ashirin ya yi a can ya dawo da 'ya'yan kawun nasa biyu, Lai'atu da Rahila. Har a Maimaitawar Shari'a sura 26 an umarci Ba'isra'ile in ya kawo nunan fari ya buɗe baki ya ce kakansa Ba'aramiye ne mai yawo. Ya ce mu muna karanta yaƙin Suriyawa da Isra'ila a littafin Sarakuna, su Ben-hadad su Hazayel, muna ɗauka wasu baƙi ne daga wata duniya, alhali dangin uwa ne. Rabaran ya ce Baba yau kai ne da wa'azi. Direbanmu, wani Balarabe Kirista daga Nazarat da ya biyo mu yana shan taba, ya tambayi me ake ta dariya, aka gaya masa, ya ce su ma haka ne a wurinsu, in ka ɓata da ubanka gidan kawu ake nufa. Mutumin nan tun ranar da ya ji muna cewa Litinin, Talata, Laraba ya maida mu 'yan'uwansa.

Zumuntar dai ba ta hana komai ba daga baya. A 1 Tarihi sura 2 an ce Geshur da Aram sun ƙwace garuruwan Yayir da Kenat da ƙauyukanta, gari sittin. Bayan nan sunan Geshur ya ɓace daga labarin, masana na ganin Dimashƙu ce ta haɗiye ta a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, zamanin da Hazayel sarkinta yake cin karensa ba babbaka. A Tel Dan, can arewa kaɗan, an tono gutsattsarin wani allon dutse a 1993 da 1994, da Aramiyanci, inda wani sarkin Aram, galibi ana cewa Hazayel ne, yake alfaharin nasararsa kan sarkin Isra'ila da sarkin gidan Dawuda. Kalmar gida a wurin ita ce bait, wadda muka sani a Baitulmali da Baitalami, ita ce kuma a farkon sunan Betsaida.

Ƙarshen ƙofar kuwa a jikinta yake. Jagora ya nuna mana tubalin da wuta ta narkar har ya dunƙule ya yi ƙyalli kaman kashin maƙera. A ɗakunan nan na ciki hatsi ake ajiyewa, an samu sha'ir da alkama a ƙone, an samu kawunan kibau. Tiglat-filesar na uku ne, sarkin Assuriya, a shekara ta 732 kafin haihuwar Almasihu, shekarar da ya ci Dimashƙu ya kashe sarkinta Rezin. Wa ya kira shi? Ahaz sarkin Yahuza, jinin Dawuda, shi ya kwashi azurfa da zinariyar Haikali ya aika masa don ya raba shi da Rezin da Feka sarkin Isra'ila. Wanda aka gayyato bai tsaya tantance wane ne Ba'aramiye wane ne Ba'isra'ile ba, ya kwashi mutanen Galili da Gileyad ya ƙone nan. A saman tudun kuma akwai ramukan da sojojin Siriya suka haƙa kafin yaƙin 1967, sun yanka ta cikin tsofaffin gine-ginen, kuma a kan hanyar Golan za ka ga wayoyi da ƙananan alluna masu ruwan ɗorawa suna gargaɗin nakiya. Har yau yawancin ƙasashen duniya ba su amince tuddan na Isra'ila ba ne.

Minti arba'in ya zama awa ɗaya da kwata. Na cikin mota suka sa aka yi ta danna mana oda, muka gangaro, silifas ɗin ya tsinke a hanya na ƙarasa da ƙafa ɗaya a ƙasa ina tsallen ƙaya, Mama da nake riƙe da ita ta koma ita ke riƙe da ni. Kifin da ake ta zumuɗi kuwa, wanda suke kira kifin Bitrus, da aka ajiye mana a faranti sai ga karfasa, ita dai wadda muka sani, kuɗin ne kawai ba irin wanda muka sani ba.

Muna ci Mama ta ajiye cokali ta ce, "Malam, kai da ka yi karatu, ita Tamar ɗin fa? Shi ya samu gidan kaka. Ita ba jikar Talmai ba ce?" Na ce Mama abin da aka rubuta kawai shi ne ta zauna a gidan wanta Absalom a kaɗaice. Ta ce uwar fa, 'yar sarkin, me ta ce? Na ce ba a rubuta mata ko kalma ɗaya ba. Na ƙara da cewa Absalom dai da ya haifi 'ya mace Tamar ya sa mata, kuma daga zuriyarsa aka samu wata Ma'aka da ta auri Sarki Rehobowam jikan Dawuda ta zama uwar sarki a Urushalima, wadda daga baya Sarki Asa ya tuɓe ta saboda gunkin da ta yi. Mama ta ce, "Hmm." Ta ci gaba da cire ƙaya.

Bayan kwana uku muna Urushalima, mun gangaro daga Dutsen Zaitun, aka nuna mana wani gini a Kwarin Kidron mai tsini a ka kaman murfin tulu, an sassaƙa gindinsa daga jikin dutse, wai kabarin Absalom. Jagora ya ce ba nasa ba ne, an yi shi wajen shekara dubu bayan mutuwarsa, shi Absalom a rami aka jefa shi a kurmin Ifraimu aka tsiba masa duwatsu. Amma ya ce shekaru aru-aru mutanen birnin, Yahudawa da Kirista da Musulmi, in sun zo wucewa sukan jefi ginin, iyaye ma kan kawo yara masu taurin kai su nuna musu. Baba hedimasta, don tsokana, ya sunkuya ya ɗauki ɗan dutse ya ce bari ya sauke nasa farali.

Mama ta ɗora sandarta a kan hannunsa ta ce, "Ajiye, Malam. Jikan mutane ne, shekaranjiya-waccan muka zauna a ƙofar gidansu."